Makarantun Da Ke Cikin Waya: Shawara Ga Iyaye Mata

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya ke haddasa faɗa a gidaje da yawa, watau wayar hannu. Kowace uwa ta san yadda a ke yi. Kin ajiye waya kin shiga madafa, kafin ki fito yaro ya ɗauke, ya shige lungu yana kallon wasa ko kokawa, datar da ki ka saya da kuɗin cefane ta ƙare ƙaf. Ki yi faɗa, ki ƙwace, gobe kuma a koma gidan jiya. To, tun da ya ke abin ya riga ya shigo gida, kuma ba fita zai yi ba, ya kamata mu san cewa a cikin wannan waya akwai makarantu na sosai, waɗanda manyan masana su ka gina, yawancinsu kuwa ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Abin da ya rage shi ne uwa ta san sunayensu, ta san wanda ya dace da ɗanta, ta kuma san inda ramuka su ke.

Kada wata ta ce, ai ni ban yi boko ba, wannan magana ba tawa ba ce. Taki ce. Ba sai kin iya lissafi za ki gane yaron da ya ke karatu da wanda ya ke wasa ba, kamar yadda ba sai kin iya saƙa za ki gane zane mai kyau ba. Za mu zo kan wannan a gaba.

Bari mu fara da ƙanana, 'yan aji ɗaya zuwa uku. Babbar matsalar yaran nan ita ce karatu kansa. Sau da yawa za ki ga yaro ya kai aji huɗu, yana iya rera abin da ke kan allo tare da sauran yara, amma in an ware shi shi kaɗai aka miƙa masa takarda sai ya yi tsuru-tsuru. Dalili kuwa shi ne ba ya samun abin karantawa a gida, kuma ɗan abin da ya ke samu a makaranta da harshen da bai ji ba ne. Masana sun daɗe suna faɗi cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da ya sha a nono, in ya iya kuma sai Turanci ya zo masa da sauƙi. Sabo da haka wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe shafin African Storybook a 2014. Ƙananan littattafan labari ne masu hotuna, cikin harsunan Afirka masu yawa, da Hausa a ciki. An kasa su mataki biyar, tun daga mai kalma ɗaya ko biyu a shafi har zuwa mai dogon labari. Ana iya sauke littafi a ajiye cikin waya, a karanta ko babu data, ana kuma iya kai shi shagon masu kwamfuta a buga a takarda. Ni dai buga shi na fi so, gama littafin da yaro ya riƙe a hannu, ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi, ya fi shiga ransa. Ki zaunar da shi bayan sallar magariba ya karanta miki da ƙarfi. Tun da Hausa ce, in ya yi kuskure kunnenki zai gaya miki.

A nan gida kuma akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF su ka ƙaddamar a watan Maris na 2022, bayan wahalar da aka sha a 2020 sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni. Amfaninsa shi ne darussan sun bi manhajar makarantun ƙasar nan, daga firamare har sakandare, kuma ban da Turanci akwai waɗansu da Hausa da Yarabanci da Ibo. In ɗanki ya yi fashin makaranta sabo da ciwo ko tafiya, nan ya kamata a fara dubawa, domin abin da malaminsa ya koyar a bayansa shi zai tarar.

To, sai lissafi, dodon 'yan makaranta. A nan zan daɗe, don shi ne ya fi kā da yara, shi ne kuma ya ke hana da yawa shiga jami'a, tun da ya ke galibin fannoni sai da kiredit a lissafi da Turanci. Lissafi kamar ginin soro ya ke. In tubalin ƙasa ya karkace, duk abin da aka aza a bisa zai karkace. Yaron da bai gane rabi da sulusi da rubu'i ba a aji huɗu, ba yadda za a yi ya gane aljabara a sakandare. Malami kuwa mai yara saba'in ko ɗari a aji ba zai iya tsayawa ya koma da shi baya ba, ko da yana so. Haka yaro zai yi ta tafiya da ramin a ƙarƙashinsa, har ya yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne, alhali kuwa tubali ɗaya ne ya ɓace.

Maganin wannan shi ne Khan Academy. Labarin kafuwarta ma abin ji ne. Wani mutum ne a Amurka, Salman Khan, wanda mahaifinsa ya fito daga Bangaladash, mahaifiyarsa kuma daga Indiya. A 2004 wata ƙaramar 'yar'uwarsa da ke wani gari mai nisa ta kasa a lissafi, sai ya shiga koya mata ta waya. Da sauran dangi su ka ji, su ma su ka turo nasu. Da abin ya yi masa yawa sai ya fara ɗaukar darussan a bidiyo yana sawa a YouTube a 2006, a 2008 kuma ya kafa makarantar a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Kun ga ashe yarinya ce mafarin abin. Yau akwai lissafi tun daga ƙidaya har irin na shekarar farko a jami'a, ga kimiyya, ga tattalin arziki, ga tarihi, duka kyauta.

Yadda ta ke aiki shi ne, yaro ya kalli ɗan gajeren bidiyo na minti biyar ko goma, ba ya ganin fuskar malami, sai allo da rubutu da murya. Sa'an nan a ba shi tambayoyi. Da ya amsa, nan take za a gaya masa ko ya yi daidai. In ya kasa, akwai inda zai taɓa a nuna masa hanya taki ɗaya bayan ɗaya. Wannan malami ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya riƙe da bulala, ko sau goma aka mayar da shi baya zai maimaita. Yarinya mai kunya, wadda ba ta iya ɗaga hannu a aji don kada samari su yi mata dariya, a nan za ta tambaya son ranta ba wanda ya gani.

Amma ga shawarata. Kada ki bar yaro ya fara daga ajin da ya ke. Ya koma baya da aji biyu ko uku, ya bi tambayoyin da sauri har ya iso inda ya fara tuntuɓe. Nan ramin ya ke. Zai ji haushi, zai ce an mai da shi yaro, ki lallashe shi, ba wanda zai sani. Ki kuma lura, ajujuwan Amurka daga 1 zuwa 12 su ke tafiya a jere. Na 1 zuwa 6 su ne kusan firamarenmu, 7 zuwa 9 ƙaramar sakandare, 10 zuwa 12 babbar sakandare. Turancinsu na hanci ne, da fari zai yi wa yaro wuyar ji, sai a kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo. Misalansu kuma da dala da mil su ke yi, wannan ba kome ba ne. Abu ɗaya da ba zan yarda a yi wasa da shi ba shi ne takarda da fensir. Yaron da ya kwanta rigingine yana kallon lissafi kamar fim, bai koyi kome ba. Kallon mai tuƙa tuwo bai taɓa koya wa kowa tuƙi ba, sai an riƙe muciya.

Ga 'yan babbar sakandare akwai GeoGebra, wanda wani ɗalibi, Markus Hohenwarter, ya fara a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 2001. Shi zane ya ke yi. Yaro ya rubuta lissafi, sai ya ga layin ya fito, ya canja lamba ɗaya, sai ya ga layin ya motsa. Abin da malami ya ke fama ya zana da alli rabin sa'a, nan gani ya kori ji.

Kimiyya kuwa, kowa ya san halin da a ke ciki. Makarantu nawa ne su ke da ɗakin gwaje-gwaje mai kaya? Yaro sai ya gama sakandare yana haddace yadda lantarki ke tafiya, bai taɓa haɗa batir da ƙwai da hannunsa ba. Wani shehun malami, Carl Wieman, wanda ya sami lambar Nobel a fannin fizis a 2001, ya kafa PhET a Jami'ar Kolorado a 2002 sabo da irin wannan. Ɗakin gwaji ne na cikin waya, mai gwaje-gwaje fiye da 150. Yaro zai jawo batir da yatsa, ya jawo waya da ƙwan lantarki, ya haɗa, ƙwai ya kama. In ya haɗa ba daidai ba har wuta za ta tashi a jikin batir, ba tare da an ƙona miki ɗaki ba. Akwai na lilo, inda zai rataya nauyi a igiya ya auna kaiwa da komowarsa, sa'an nan ya mayar da lilon kan wata ya ga yadda ya ke rage sauri. Akwai na gina ƙwayar zarra, da na daidaita lissafin kemistiri, har da na rabi da kwata don 'yan firamare. Kowane gwaji ana iya sauke shi sau ɗaya a yi ta amfani da shi babu data. Sai dai ku sani, a jarrabawar WAEC akwai gwaji na hannu, da kwalabe da ma'auni na gaske, sabo da haka wannan taimako ne, bai ɗauke wa makaranta nauyinta ba. In an kira taron iyaye da malamai, a ci gaba da tambayar ina kayan gwaji.

Wanda ya rasa littafin karatu kuma, CK-12 da OpenStax suna ba da cikakkun littattafan kimiyya da lissafi kyauta. Na OpenStax, wanda Jami'ar Rice ta fara a 2012, sun fi ƙarfin ƙaramin yaro, sai ɗan ajin ƙarshe mai ƙwazo.

Turanci ba zan tsawaita ba. British Council tana da shafi biyu, LearnEnglish Kids na ƙanana da LearnEnglish Teens na matasa, da labarai da nahawu da wurin sauraro, abin da zai taimaki yaro a ɓangaren furuci na jarrabawa. BBC Bitesize, wanda ya ke nan tun 1998, yana da taƙaitaccen bayani mai kyau a kusan kowane fanni, amma manhajar Ingila ya ke bi, waɗansu bidiyoyinsa kuma ba sa buɗewa a wajen ƙasarsu. Masu adabin Turanci za su sami wasannin Shakespeare da sauran tsofaffin littattafai fiye da 70,000 a Project Gutenberg. Na marubutan zamani ba sa ciki, gama suna da masu haƙƙi, waɗannan sai an saya.

Akwai waɗansu biyu da na ke so ki gwada ke da kanki, ko don nishaɗi. Na farko Google Earth. Ki sa yaro ya nemo garinku, ya nemo rufin gidanku, sa'an nan ya bi kogin Kwara da yatsa tun daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai, ya shigo ta Kabi, har Lakwaja inda ya haɗu da Binuwai. Yaron da ya yi wannan tafiya ba zai sake manta taswira ba. Yana cin data ƙwarai, sai a yi shi jefi-jefi. Na biyu Stellarium, mai nuna taurarin da ke bisa kanku a daren da ku ke. A nan ke ce malama. Ki nuna masa Kaza da 'Ya'yanta a sama, shi kuma ya nemo ta a waya ya gaya miki Turawa Pleiades su ke ce mata. Ki nuna masa Zara, ya gano ashe ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu.

Yaron da ki ka ga hankalinsa yana wajen taɓe-taɓen na'ura, a nuna masa Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007 don 'yan shekara 8 zuwa 16. Maimakon ya yi ta buga wasan da wani ya ƙera, sai ya koyi ƙera nasa.

Yanzu sai maganar jarrabawa, inda kuɗi da hawaye su ke zuba. Hukumar WAEC tana da wani sashe a shafinta da a ke kira e-learning, wanda 'yan makaranta da yawa ba su san da shi ba, ni kuwa a ganina ya fi kowane littafin tsofaffin tambayoyi da a ke sayarwa a kasuwa. Dalili, bayan kowace jarrabawa manyan masu duba takardu su kan rubuta rahoto, su kawo tambaya, su faɗi amsar da a ke nema, su kuma faɗi inda yara su ka yi ta faɗuwa. Watau mai maki da kansa ne ya ke gaya wa ɗanki abin da ya ke hana maki. An jera su fanni fanni, shekara shekara. Duk mai ɗa a aji biyu ko uku na babbar sakandare, ta tabbata ya san wannan wuri.

Ita kuma JAMB tana sa manhajar kowane fanni a shafinta kyauta, har da ta Hausa, tare da littafin da ke nuna darussan da kowane kwas ya ke bukata. Ku dubi wannan tun kafin a cika fom. Yara nawa ne su ka ci maki mai kyau, amma aka hana su gurbi don sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin ba? Tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗaya da kwamfuta a ke yin ta, yanzu kuma darasi huɗu ne, tambaya 180, cikin sa'a biyu. Ku lissafa, kowace tambaya ba ta wuce daƙiƙa 40 ba. Yarinyar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, ko ta fi kowa ƙoƙari a aji, rawar hannu kaɗai za ta cinye mata minti goma. Waya ba ta isa a nan. A tara kuɗi a kai ta cibiyar kwamfuta ta zauna sau uku ko huɗu, a kuma yi mata rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ta ke shiryawa kafin ta gaske.

Akwai kuma na biya, irin su uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, mai darussan bidiyo bisa manhajarmu da malamai 'yan ƙasa. Mai hali ta gwada. Marar hali kada ta ci bashi, na kyauta sun isa su kai yaro.

To, ga ramukan. Da lokacin jarrabawa ya matso za ki ga shafuffuka da zaurukan WhatsApp sun cika, masu cewa a turo kuɗi su ba da amsa tun kafin a shiga ɗaki. Yawancinsu 'yan damfara ne. Wanda kuma ya dace da na gaske, in aka kama shi a riƙe sakamakonsa ko a soke, shekara shida ta tafi a banza. Abin baƙin ciki, wani lokaci uwa ce da kanta ta ke kwance bakin zane ta ba da kuɗin, wai tausayi. Wannan ba tausayi ba ne.

Na biyu, Wikipedia. Tana da amfani, akwai ma ta Hausa, amma kowa yana iya rubutu a ciki, sabo da haka wurin fara bincike ce, a gwada abin da ta ce da littafin makaranta. Na uku su ne na'urorin hira irin su ChatGPT da su ka bazu tun ƙarshen 2022. Suna iya bayani mai daɗi, amma su kan yi kuskure su faɗe shi da ƙarfin hali kamar gaskiya. In yaro ya ce su bayyana masa abin da bai gane ba, da sauƙi. In kuwa aikin gida ya ke miƙa musu su rubuta ya kwafe, to, ranar jarrabawa shi kaɗai zai shiga, ba za su bi shi ba.

Maganar data, ga dabara. A rage ƙarfin hoton bidiyo zuwa 240 ko 360, gama rubutun allo zai fito sarai, kuɗin kuwa ya ragu ƙwarai. A sauke darussan mako guda a lokaci ɗaya sa'ad da data ta fi araha, ko a inda a ke samun intanet kyauta, sa'an nan a kashe data a miƙa wa yaro waya. Wannan ya yi maganin kuɗi, ya kuma yi maganin yawo, domin wayar da ba ta da data ba inda za ta kai shi. Mai wayar Android ta sa wani ya ɗora mata Family Link, da shi za ta ƙayyade abin da yaro zai buɗe da tsawon lokacin da zai yi.

Na ce zan komo kan uwar da ba ta yi boko ba. Ga abin da za ki yi. Karatun waya a tsakar gida za a yi shi, kan tabarma, inda idonki ya ke kaiwa, ba a ƙuryar ɗaki ba. A sa lokaci sananne, rabin sa'a ko minti arba'in ya isa, kullum, ya fi sa'a biyar ranar Lahadi. In ya gama ki ce ya kawo littafin rubutunsa. Ko ba ki iya karantawa ba, kin san shafin da aka cika da wanda ya ke fari fat. Sa'an nan ki ce ya bayyana miki da Hausa abin da ya koya yau. Wanda ya gane zai iya, har ya yi ta zuba kamar kanya. Wanda bai gane ba zai ce miki ai wannan ba ya faɗuwa da Hausa. In kin ji haka, gobe ya sake darasin.

Sauran magana ɗaya, a kan 'ya'ya mata. A gidaje da yawa in waya ta samu, namiji ne ya ke riƙe ta, ita kuwa yarinya tana wanke-wanke, ta gama ta ɗora tukunya, ta goyi ƙane, kafin ta zauna batir ya mutu ko barci ya ɗauke ta. Ga shi kuma kuɗin jarrabawa ɗaya aka biya musu, tambaya ɗaya za a yi musu. Wani uba kuma ya kan hana ta taɓa waya sam, don tsoron abin da ke ciki. Tsoronsa yana da dalili, kada ki yi masa gardama a kansa. Ki nuna masa darussan da aka sauke, ki nuna masa an kashe data, ki ce a gabanki za ta zauna. Sa'an nan ki raba lokaci da agogo, ita ta fara tun batir yana cike, yayanta kuwa ya ɗebo ruwa kafin nasa lokacin ya zo.